Hannu na Takwas

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya sanya wa ɗan Adam ƙishirwa don ya riƙa tunawa shi bawa ne. Bayan haka, ya ku masu sauraro, ni ne Mantau ɗan Cindo, mutumin Tudun Ƙaya. Na taka ƙasashen da fatake ba su san sunansu ba, na ci tuwon mutanen da ban iya gaisuwarsu ba, amma labarin da zan ba ku yau ba na jarumtaka ba ne. Labarin wani mutum ne da ya maƙale a ƙasan rijiya, da dutsen da aka ce in sa hannu a rufe shi da shi, da abin da ya biyo bayan ƙin da na yi. Ku ji shi duka kafin ku yanke mini hukunci, don ni kaina shekara talatin ke nan ina shari'ar ban gama ba.

Abin da ya fitar da ni daga gida shi ne rijiyoyinmu sun ƙafe. Shekara uku a jere muna haƙa muna tarar da dutse, har mata suka koma tafiyar yini guda don tulu ɗaya. Sai wani tsohon falke ya ce mana a bayan Tsaunukan Gishiri akwai ƙasar Rijiya Dubu, inda wasu mutane ke kasa kunne a ƙasa su ji tafiyar ruwa kamar yadda kake jin tafiyar jaki a bayan danga. Ni kuwa tun ina yaro ba ni da haƙurin jin zance sau biyu. Kafin mahaifiyata ta gama tambayata ina za ni, na riga na rataya salka.

Wata huɗu na yi a hanya. Na ratsa wani fili inda duwatsu ke mirginawa a hankali suna bin inuwar matafiyi, in ka zauna hutawa su kewaye ka. Na haye kogin yashi mai gudu kamar ruwa, a kan ƙofar kara da na ja daga wani kango. Ranar da na sauko daga tsauni na ƙarshe, salkata ta kwana biyu a bushe, harshena ya zama kamar tsohon takalmi. Da hantsi na hango gari, ganuwarsa lafiya lau, rumbuna a tsaye, amma ba carar zakara, ba ƙarar turmi, ko ƙuda babu. Baƙo ko da ido makaho ne, sai na kutsa kai.

A gindin wata tsamiya na tarar da mutanen garin zaune, maza gefe, mata gefe, kowa cikin tufa mai kyau. Na yi sallama suka amsa gaba ɗaya, murya ƙasa-ƙasa. Da na matso sai na ga fatarsu ta manne da ƙashi kamar kilishi, leɓunansu sun tsattsage amma ba jini, kuma ba wanda ba murmushi yake yi ba. Wani dattijo ya miƙo mini ƙwarya cike da ruwa garai-garai.

Ya ce, "Sha, baƙo. Wanda ya sha ruwanmu ya huta da ƙishi."

Na karɓa. Na ce, "Ku fa, Baba, kun sha?"

Ya ce, "Mu ai mun ƙoshi. Tun damina muka ƙoshi."

A lokacin idona ya kai kan randar da ke gindin bishiyar, na ga gizo-gizo ya saƙa gida a bakinta. Na sauke ƙwaryar daga bakina, sai duk suka miƙe, gaɓoɓinsu na ƙara kamar busasshen kara, suka zagaye ni suna cewa, "Sha mana, baƙo. Sha."

Har yau ban san inda dabarar ta fito ba. Na ce, "Ku gafarce ni, azumi nake yi, ramuwa ce."

Suka tsaya cik. Ashe duk abin da ya cinye su bai cinye ladabinsu ba. Dattijon ya ce, "Allah ya karɓa. To, mu jira faɗuwar rana tare." Suka koma suka zauna, sun sa ni a tsakiya, ƙwaryar a gabana. Haka muka yini, ina kallon ruwa, su suna kallona. Da la'asar na ce zan ɗan kewaya. Na zaga bayan wata danga, na tuɓe rigata na rataya a kan kututture, na ɗora masa hula yadda za su hango, na ranta a na kare daga ni sai wando.

Ban yi nisa ba na yi kiciɓis da ayarin mutum takwas da jakuna. Na gabansu wani gajere ne mai gwame, ya dube ni sama da ƙasa ya juya ya ce wa dattijon da ke bayansa, "Baba Dogara, ga wani ya gudo daga wurin wanki." Wannan shi ne Bagudu, kuma abin da ya fara faɗa a kaina ke nan, mafi daɗi kuma a cikin duk abin da ya faɗa mini daga baya. Ya ba ni ruwa a ɗan koko, kurɓi-kurɓi, yana yi mini tsawa kada in shaƙe. Da na ba su labarina ya yi dariya har da riƙe ciki, daga ranar kuma, in ban da sau ɗaya, ban sake jin sunana a bakinsa ba, sai Mai Azumi.

Baba Dogara, shugabansu, shi ya warware mini abin da na gani. Ya ce a ƙarƙashin ƙasar nan akwai wata baƙar jijiya da suke kira Ɗaci, mai bin hanyoyin ruwa. In ta shiga rijiya sai ta kwanta a ƙasa, kowa ya sha daɗi yake ji, sai harshen da aka hora. Wanda ya sha ta kwana uku ƙishi ya bar shi har abada, ya zauna ya bushe yana murmushi, su ake kira Ƙosassu. Ba a gane ta sai maɗanɗani ya sauka ya dama ƙasan rijiyar da sanda ya ɗanɗana, damawar nan kuwa ita ke tashinta. In ta tashi, rana ta kai tsaka ta leƙa cikin rijiyar, haske ya taɓa ruwan, sai ta zabura ta nutse, ta ɓulla a wata rijiyar mai lafiya. Saboda haka dole a rufe kafin rana ta take.

Su ne 'Yan Marfi, masu wannan aiki tun kaka da kakanni. Maɗanɗani ɗaya, wato Bagudu, da hannaye takwas. Mutanen gari su kawo falalen dutse a ɗora a bakin rijiya, mutum takwas da suka yi rantsuwa su dafa shi da tafin hannun dama, sai dutsen ya yi laushi kamar tuwo ya kama bakin rijiyar, ya koma ya sandare. Da hannu bakwai ba ya kamawa. Maciji ya kashe musu mutum ɗaya a hanya, shi ya sa suke komawa birninsu neman madadinsa. Kuma su ne ke riƙe da ilimin jin ruwa, amma ba sa ba da shi sai ga wanda ya dafa marfi bakwai.

Na ce ga hannuna. A birninsu aka sa na tsoma shi cikin toka da gishiri kwana bakwai, sannan na tsaya a gaban kowa na faɗi kalmar rantsuwa: harshe ya faɗa, hannu ya rufe, ko mene ne a ciki. Na faɗe ta da sauri kamar mai cin gyaɗa, hankalina yana kan ilimin da zan kai gida.

Kada ku ɗauka mugayen mutane ne. Ban taɓa zama da mutanen da suka fi su riƙon juna ba. Akushi ɗaya muke ci, in ɗaya ya yi zazzaɓi a goye za a tafi da shi, kuma na ga garuruwan da ke raye saboda su. Bagudu ne kawai ƙayar da ke cikin takalmina. In na ɗaure kayan jaki ya ce ɗaurin 'yan Tudu ne, in na yi tuntuɓe ya ce azumi ne ke ɗibata. Ga shi kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi riƙon doka, yana faɗarta kamar shi ya haife ta.

A rijiya ta huɗu ragon wata mata ya zame ya faɗa ciki bayan Bagudu ya fito. Inuwa ta gajarta, ba lokacin ciro shi. Na dafa dutsen tare da sauran, ina jin kukan ragon yana shigowa ta tafin hannuna har dutsen ya kama, kukan ya ɗauke. Ranar ban iya cin abinci ba. Bagudu ya jawo akushin gabansa ya ce, "Rago kake wa makoki? Ko ni ne a ciki ka rufe, Mai Azumi. In ka tsaya hawaye sai na fito na mare ka." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi yaƙe.

Rijiya ta bakwai, wadda daga ita sai a ba ni abin da na zo nema, ita ce ta garin Tumbatsa. Tsohuwar rijiya ce mai zurfin gaba arba'in, an jera mata duwatsu a ciki tun zamanin da ba wanda ya tuna. Da rana ta fito muka kafa sanda a gefenta don auna inuwa, kamar yadda muka saba, mutanen gari suka jawo falalen dutse suka ajiye kusa. Bagudu ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka yana mita wai muna sakinsa kamar buhun gero. Muka jira. Can muryarsa ta taso, siririya: "Ɗaci!"

Korau, ƙaton cikinmu mai riƙe da igiya, ya fara ja. Sai muka ji wata rugugi daga ƙasa, ƙura ta turnuƙe bakin rijiyar, igiya ta ɗame ta ƙi motsi. Muka taru mu huɗu muka ja, sai ihu ya taso, muka saki.

Baba Dogara ya durƙusa ya leƙa. "Bagudu! Kana da rai?"

"Ina da shi, Baba. Bango ne ya zube. Dutse ya danne mini ƙafa, ya fi jaki girma. Ruwa kuma yana tasowa, ya kawo mini ƙirji."

Duk muka juya muka dubi sandar. Inuwarta saura taki biyu. Sauka gaba arba'in, ɗaga dutse, hawowa da gurgu, ko aljani ba zai yi shi a taki biyu ba, kuma kowa ya sani. Sai Bagudu ya yi magana daga ƙasa.

"Me kuke jira? Ku rufe mana!"

Baba Dogara ya miƙe. Ya sa aka tura dutsen har ya hau bakin rijiya, saura ɗan tsagi, ya ce, "Hannu." Ya dafa. Korau ya dafa, hawaye na bin gemunsa. Ɗaya bayan ɗaya har bakwai. Na ɗaga nawa na kai shi har ya kusa taɓa dutsen, sai na ji tarin Bagudu ta cikin tsagin nan, tarin mutum mai rai wanda na ci tuwo da shi da safe. Hannun ya dawo da kansa. Na sa shi a hammata na matse.

Baba Dogara ya ce, "Mantau, hannunka."

Na ce, "Ba zan iya ba, Baba."

"Ka rantse."

"Na rantse. Amma yana numfashi."

"Shi ma ya rantse, kuma ka ji abin da ya ce. Kana tsammanin ka fi mu sonsa? Shekara ashirin yana cin akushina. In rana ta leƙa nan, gari guda za a binne, ba mutum ɗaya ba."

Maganarsa gaskiya ce, na sani a lokacin, na sani yanzu. Amma hannun ya ƙi fita daga hammata. Korau ya damƙo ni ya fizgo shi ya danna a kan dutsen da ƙarfi har yatsuna suka yi ƙara, dutsen bai ko motsa ba. Ya zaro wuƙa ya ce, "A yanke shi a ɗora!" Baba Dogara ya ce, "Mayar da wuƙarka. An gwada a zamanin kakana, bai kama ba."

Daga ƙasa Bagudu yana ta zagi. "Wane ne? Mai Azumi ne ko? Na sani! Kai ɗan Tudu, wa ya ce maka ina son taimakonka? Rufe, matsoraci!"

Ina waige-waige kamar ɓera a tarko sai idona ya faɗa kan rumbun da ke kusa da dandalin, da jinkarsa mai faɗi a kai. Na ce, "Baba, doka ta ce kada rana ta leƙa. In an hana ta leƙawa fa? A janye dutsen, a kifa jinkar can a bakin rijiya, in sauka cikin duhu in ciro shi. In rana ta karkata mu rufe, ga hannuna."

Ya ce, "Ciyawa ba dutse ba ce."

"Amma yau dutsen ba zai kama ba."

Ya dube ni da wani irin kallo da har yau nake gani. Inuwa saura taki ɗaya, ba shi da wata hanya, ni na toshe masa ita. Ya juya mini baya ya ce a janye dutsen. 'Yan'uwana ba wanda ya bi ni wajen rumbun, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka, sai mazan Tumbatsa ne suka taya ni muka sauko da ita. Na ɗaura igiya, na rataya dagi a baya, na zura ƙafafuna cikin rijiyar. Korau ya karɓi igiyar ba tare da ya dube ni ba. Suka kifa jinkar a kaina, suka bi gefenta da tabarmi da riguna, duniya ta yi baƙi ƙirin.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina sauka ba. Sanyi yana ƙaruwa, wani wari kamar na tsohuwar tukunyar baba yana tasowa. Da ƙafata ta taɓa ruwa na ji shi da kauri, yana motsi a jikina ba tare da na motsa ba. Na lalubo kan Bagudu, ya ɗaga haɓa sama, ruwan yana shafar leɓensa na ƙasa.

Ya ce, "Ka zo? Allah ya isa tsakanina da kai." Bai rufe baki ba ruwan ya shiga, na ji ya haɗiye, ya ƙware, ya sake haɗiyewa.

Na nutsa hannu ina neman inda zan cusa dagin, amma gindin dutsen yana can ƙasa, in na sunkuya sai na nutsar da kaina. Ina cikin wannan lalube, Bagudu ya daina zagi, kansa ya langaɓe a kafaɗata. Sai na ga hannuna. A cikin duhun nan na ga hannuna, na ga yatsuna biyar. Na ɗaga kai. Gara ta ci jinkar a wani wuri, ɗan rami bai fi hancin allura ba, ta nan wani zaren haske ya miƙo tun daga sama har ya sauka a kan ruwan.

Na yi wuf na tare shi da bayana, amma ya riga ya taɓa. Ruwan ya yi wata girgiza kamar fatar jaki in ƙuda ya sauka, ya yi guguguu, ya ja da baya. Cikin numfashi uku ya sauka daga wuyan Bagudu zuwa gwiwa. Na san abin da wannan ke nufi, an gaya mini tun ranar farko. Amma ga gindin dutsen ya fito fili. Na cusa dagi, na taka da ƙafa biyu, dutsen ya ɗaga, na zaro ƙafar Bagudu a karye. Na ɗaure shi a jikina na jira har zaren hasken ya hau bango ya ɓace, sannan na girgiza igiya.

Da muka fito mutanen Tumbatsa suka yi ta kabbara. Aka mayar da dutse, na dafa tare da bakwai ɗin, ya yi laushi ya kama. Baba Dogara ya tambaye ni, "Haske bai shiga ba?"

Na dubi Bagudu kwance yana amai, da ransa. Na ce, "Duhu ne, Baba."

Ya ce, "To, madalla. Za ka bi mu har birni don ba mu da wani hannun. Amma ba ka ƙara cin akushinmu, kuma abin da ka zo nema ka cire rai da shi."

Kwana biyu muka yi muna tafiya, ni a baya ina jan jakin da aka ɗora Bagudu, ba mai yi mini magana. Wannan bai dame ni ba kamar abin da na lura da shi tun yinin farko: rana tana dukanmu, kowa yana kai hannu ga salka, Bagudu bai nemi ruwa ba ko sau ɗaya. Na zuba a ludayi na kai masa baki, ya kau da kai ya ce, "Na ƙoshi." Na matse masa hanci na ɗura, ya haɗiye ya zage ni, na ji sanyi a raina, don Ƙosassu ba sa zagi. Uwar ɗacin ya sha, ta ɗauke masa ƙishi a yini ɗaya, amma ta bar masa hankalinsa da bakinsa.

Da hantsin kwana na uku muka iso Sansami, ƙauye mai lambuna, albasa da yalo kore shar, mata cike da bakin rijiya. Kwana goma sha biyu da suka wuce Bagudu ya ɗanɗana wannan rijiyar ya ce lafiyarta lau, don haka cika salkuna kawai za mu yi mu wuce. Korau ya karɓi guga ya jawo, ya zuba a ƙwarya ya miƙa wa Baba Dogara. Na ga dattijon ya yi bismilla ya ɗaga ta. Kwana biyu ina gaya wa kaina ƙasar nan rijiya dubu gare ta, wataƙila abin ya tafi can wani kango da ba kowa. Da ƙwaryar ta taɓa leɓensa sai ƙaryar ta ƙare mini.

Na ce, "Kada ka sha, Baba. Haske ya shiga."

Ya sauke ƙwaryar a hankali. Na faɗi komai, ramin gara, zaren haske, ja da bayan ruwa. Ba wanda ya zage ni, da ma sun zaga da na fi jin sauƙi. Daga kan jaki Bagudu ya ce, "Ku ba ni nan. Ni ba abin da za ta ƙara yi mini." Ya kurɓa, ya juya ruwan a bakinsa, ya rufe ido. Ya daɗe. Sannan ya tofar.

Ya ce, "Ɗaci. Sabuwar zuwa ce, ko kwantawa ba ta yi ba."

Baba Dogara ya kafa sanda, ya aika a kira mai gari, ya sa a nemo falalen dutse. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Kawo hannunka." Na kawo. Dutsen ya kama lafiya lau, inuwa saura taki guda. Mutanen Sansami ba su kai kwana uku suna sha ba, za su warke, amma rijiyarsu ke nan ɗaya tak, kuma ruwan da zai ɗauki mutum ɗari uku yana can tafiyar kwana biyar. Kafin la'asar sun fara ɗaure kaya, ga lambuna a tsaye ba mai waiwayarsu.

Ina tsaye a bakin hanya riƙe da jakin Bagudu sai wata tsohuwa ta ja ƙunshinta zuwa gabana, ta naɗa gammo ta ce, "Ɗana, aza mini." Na ɗaga na aza mata, da nauyi, har da dutsen niƙa a ciki. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Allah ya yi muku albarka, 'Yan Marfi. Da ba ku biyo ta nan ba da mun ƙare ba mu sani ba. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya."

Na buɗe baki in ce amin, ya ƙi fita. Bagudu ya ce, a hankali, ba da muryar tsokana ba, "Faɗa mata mana, Mantau."

Na faɗa mata. Na ce, "Iya, ni na koro muku ita. An ce in rufe mutumin nan a rijiyar Tumbatsa na ƙi, na ciro shi, abin ya gudo nan."

Ta tsaya da kayan a ka tana kallona. Sannan ta juya ga Bagudu, ta dubi karyayyar ƙafarsa da busasshiyar fuskarsa. Ta ce, "Wannan ne?"

"Shi ne, Iya."

"Yana da iyali?"

Wata takwas muna cin akushi ɗaya ban taɓa tambayarsa ba. Shi ya amsa da kansa: "'Ya'ya mata uku, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta durƙusa da ƙyar, ta sauke ƙunshin da na aza mata har ƙasa, ta ƙwala wa wata mata kira ta zo ta sake aza mata shi. Da ta miƙe ta yi taki biyu, sai ta tsaya, ba ta waiwayo ba, ta ce, "To, ka ba shi ruwa mana. Ba ka ga leɓunansa sun tsage ba?" Ta bi sahun mutanenta.

Na kwance salka na zuba a ludayi. Bagudu ya buɗe baki da kansa ya haɗiye.

Ya ƙara shekara tara a duniya, ya aurar da 'ya'yansa duka uku, kuma ni ne nake ba shi ruwa da ludayi safe da rana da yamma, don shi ba ya tunawa. Bai taɓa gode mini ba, ban kuma taɓa jira ba. Tudun Ƙaya ban koma ba, ba ni da abin da zan kai musu. Mutanen Sansami kuwa, daga baya na ji goma sha ɗaya ba su kai ga ruwan ba. An ce a faɗa mini sunayensu, na ce a bari, don har yau ban sami ƙarfin halin sanin ko tsohuwar nan tana cikinsu ba.

Iyakar abin da idona ya gani da abin da hannuna ya aikata ke nan, ban ƙara ba ban rage ba. Sauran yana wurin Masanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.